Awa Goma Sha Uku Tsakanin Tijjani da Inna

Abin da ya sa na ware wa shekarar da Inna ta rasu babi guda a wannan rubutu da nake yi muku, 'ya'yana, shi ne wata magana da na ji a tsakar gidana ranar sunan jikana na biyu. Ina zaune a ɗaki, ƙofa a buɗe, mata suna ta rabon waina, sai na jiyo ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi suna ba, tana nuna wa wata baƙuwa hotunan dangi a waya. Da ta zo kan ƙanena sai ta ce wannan shi ne Baffa Tijjani, wanda karatu ya hana shi zuwa jana'izar kakarmu. Ba da mugunta ta faɗa ba. Yadda ta taso ta ji ana faɗa, haka ta maimaita. Shekaru ke nan maganar tana yawo a cikin dangi daga Roni har Babura, kuma ni ya kamata in tare ta tun ranar da ta fito, ban yi ba. Tunda bakina ya ƙi, bari alƙalami ya gwada.

Kun san aikina. Safiyo ne ni, na ƙare ƙarfina ina auna ƙasar mutane, daga fulotai a Kazaure zuwa gonaki da burtalin shanu a Babura da Gwiwa. Aikin yana bar wa mutum wani hali, duk abin da ba a sa masa lamba ba sai ka ga kamar ba a gama maganarsa ba. Mahaifiyarku ta sha cewa ko gishirin miya ta tambaye ni sai na ɗauko tef. Ban taɓa jin haushi ba, don ni a lokacin yabo na ɗauke shi.

Inna kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a yankin Gwiwa, aure ya kawo ta Roni, gidan babanmu da yake malami a ofishin hakimi. Ni ne ɗanta na fari, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba ta wasa ba ce. Har na yi furfura ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Tunda aiki ya zaunar da ni a Kazaure sai ta samu mafita, ta koma kirana mutumin Kazaure. Idan na je gaishe ta, na durƙusa a bakin ƙofa, takan amsa tana kallon wani wuri, in kuma tana da saƙo sai ta faɗa wa ƙanwarta Dije da muke kira Yafendo, ina zaune ina ji, ita kuma Yafendo ta juyo ta maimaita mini kamar daga wani gari aka aiko. Tijjani shi ne auta, shekara goma sha bakwai na ba shi. Da shi babu wannan shamaki. Shi yake zama a kan tabarmarta, shi yake tsokanarta har ta jefe shi da mafici, kuma in yana gida ba ta shan fura sai daga hannunsa. Yana da shekara shida babanmu ya rasu, don haka ni na riƙe shi, ni na kai shi makaranta, kuma in faɗi gaskiya karatunsa nake ɗauka a matsayin babban abin da na gina a duniya.

Da ya samu gurbin yin digirin digirgir a Malesiya, sai da muka yi wata guda muna neman yadda za mu faɗa wa Inna. Ranar da aka faɗa mata ba ta yi kuka ba. Sai ta dubi Yafendo.

"A tambayi mutumin Kazaure, tunda aikinsa ne. Garin nan da nisa?"

Na ce a ba ni kwana biyu. Na je wurin wani abokina hedimasta, na ari taswirar duniyar nan mai siffar ƙwallo da ke kan teburinsa, na ɗauki zare na ɗora bakinsa a kan Kano na ja shi har Kuala Lumpur, na auna zaren, na buga da ma'aunin taswirar. Kilomita dubu goma da 'yan kai. Na tambayi gudun jirgi, na raba, na ƙara ɗan abin da ba a rasa ba na tashi da sauka, ya ba ni awa goma sha uku. Na san babu jirgin da yake miƙewa kai tsaye, sai an canza a hanya, amma na ɗauki canjin kamar yadda mutum yake sauka a tashar Kazaure ya hau motar Roni. Har na gano wani abin da ya ƙara faranta mini rai, wato suna gabanmu da awa bakwai, don haka mai tahowa gida yana bin rana ne, agogo ma rangwame yake yi masa. Na koma Roni ina jin kaina kamar wanda ya kawo maganin ciwo.

Na ce, "Yafendo, ki gaya mata awa goma sha uku ne. Bai kai tafiyar Legas a mota ba. In ya yi asuba a can, zai iya yin isha'i a nan."

Yafendo ta maimaita. Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Mu dai da muke tashi da shanu, ba da ƙafar bijimi ake ƙirga zango ba. Da ƙafar ɗan maraƙi ake ƙirgawa, da mai ciki, da wadda za ta tsaya ɗaure kaya."

Tijjani ya yi dariya ya ce jirgi ba shi da maraƙi, Inna. Ni ma na murmusa. Na ɗauki maganar a irin maganganun tsofaffi da ake saurara don ladabi. Ranar tafiyarsa ni na raka shi filin jirgin Kano, washegari ya bugo ya ce ya sauka lafiya, sai na ƙara yarda da zarena. Ban tsaya na tuna cewa wata biyu kafin ranar ya yanki tikitin ba.

Kafin ya shiga ya ja ni gefe, ya ce abu ɗaya yake roƙo. In jikin Inna ya motsa, kada a yi masa irin ta gida, a ce da sauƙi. Na ce masa ya tafi da kwanciyar hankali, kira ɗaya ne tsakaninmu.

Shekara uku ya yi yana zuwa hutu sau ɗaya a shekara. A ta huɗu, wajen tsakiyar damina, ƙafafun Inna suka fara kumbura. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, daga baya na matsa aka kawo ta asibiti a Kazaure. Ta kwana tara. A rana ta tara likitan, wani matashi mai yawan kunya, ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce ƙodarta ta gaji, zuciyar ma ta gaji, kuma a shekarunta duk abin da za a ƙara yi wahala ce kawai. Ya ce in akwai wanda take so ta gani, a kira shi. Ni da halina sai na nemi lamba.

Na ce, "Likita, wata nawa?"

Ya ce, "Alhaji, rai na Allah ne. Amma ni ba zan ƙirga da wata ba."

Na mayar da ita Roni, na rufe maganar a cikina. A lokacin saura mako biyar Tijjani ya zauna gaban malamansa ya kare kundinsa, zama ɗaya da shekara huɗu suka taru a kai. Tunanin da na yi a hanyar komawa Kazaure, tsakanin duwatsun nan, har yau zan iya maimaita shi daki-daki. In na faɗa masa yau, gobe zai taho, ya zauna a bakin gadonta, wataƙila mako biyu, wataƙila wata uku, karatun ya bi ruwa. In kuwa na yi shiru ina lura, duk ranar da na ga alama sai in buga waya, kafin rana ta zagayo yana nan. Ina da awa goma sha uku a aljihu. Na ga kamar na samo hanyar da za a ci biyu, uwa ta ga ɗanta, ɗan kuma ya samu takardarsa. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara a cikin lissafin da ya fita daidai ba.

Inna ba ta san abin da likita ya ce ba, amma jikinta ne, ba ta buƙatar likita. Wata Juma'a na je, ina durƙushe a bakin ƙofa, sai ta yi magana tana kallon rufin ɗaki.

"Dije, gero ya fara fitar da kai ko?"

Yafendo ta ce ya fara.

"Auta yana son tumu. Ban sani ba ko bana zai samu."

Yafendo ta juyo ta dube ni. Wannan karon ba ta maimaita ba, don ta san na ji. Ni ma na san abin da ake nufi. Matar da ba ta taɓa neman ko allura a wurina kai tsaye ba, iyakar yadda za ta iya cewa in kira mata ɗanta ke nan. Na ce Yafendo ta gaya mata saura kaɗan ya gama, da ya gama zai taho, tumu kuma ba zai ƙare ba. Da na fito Yafendo ta biyo ni har zaure.

Ta ce, "Lawan, ka kira yaron nan."

Na ce, "Yafendo, ina kallon komai. Kwana ɗaya ne tsakaninmu da shi."

Ta ce, "Kai ka sani. Ni dai ban yi boko ba."

Ranar Lahadin da ta biyo baya Tijjani ya kira ni da hantsi. Kullum yana kira, kuma yana gaisawa da Inna, ita kuma da ta ji muryarsa sai ta tattaro ƙarfin da ba ta da shi ta yi masa wasa, don ba za ta taɓa cewa ya bar abin da yake yi saboda ita ba. Amma ranar muryarsa daban take. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

Ya ce, "Yaya, jiya na ji numfashinta a waya. Tsakaninka da Allah, yaya jikin Inna?"

Ina tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gidana. Na tuna har da akuyar maƙwabci da take cin bawon rake a gabana.

Na ce, "Da sauƙi. Tsufa ne kawai. Ka mai da hankali kan abin da ke gabanka."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "In akwai wani abu, ni zan fara kiranka."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce to alhamdu lillahi, dama akwai wasu takardu da yake so ya miƙa gobe. Ban tambaye shi waɗanne takardu ba ne. Ɗalibi da takardu, me za a tambaya? Ashe izinin zamansa a ƙasar ne ya kusa ƙarewa, kuma ba a sabunta shi sai mutum ya miƙa fasfonsa, ya yi makonni a hannun hukuma. Ya riƙe fasfon kwana goma yana jan ƙafa saboda abin da yake ji a muryar Inna. Maganata ce ta sa ya saki. Litinin da safe ya miƙa.

Kwana goma bayan nan, ranar Alhamis, ina Babura muna kafa turakun wani burtali da manoma suka cinye, Yafendo ta sa aka kira ni. Inna ta daina karɓar abinci tun jiya, in ta yi magana sai an kai kunne. Na ce to lokaci ya yi. Ban ruɗe ba, kuma wannan yana cikin abin da nake jin kunyarsa, har wani sanyi na ji a raina na mutumin da shirinsa yake tafiya yadda ya tsara. Na koma gefe na bugo wa Tijjani. Wajen ƙarfe tara na safe ne a nan, huɗu na yamma a can. Na ce ya nemi jirgin yau ya taho.



Ya ce, "Yaya, ba ni da fasfo."

Ban gane ba sai da ya maimaita. Ya ajiye waya ya ruga ofishin ɗalibai na jami'arsu, ya samu suna shirin tashi. Suka ce fasfon ba ya wurinsu, ya wuce gaba, sai ya rubuta takardar neman a dawo da shi, kuma in an dawo da shi sabuntawar ta rushe. Ya rubuta a tsaye. Juma'a ya wuni yana bin sawu. Asabar da Lahadi ba a aiki. Babu wanda ya zalunce shi, kowa aikinsa ya yi yadda aka tsara masa. Ni ne dai ban sa su a cikin zarena ba.

Na wuce Roni kai tsaye. Yafendo ta riga ta gaya wa Inna cewa an kira Auta tun da hantsi, ban kuwa samu ƙarfin gyara maganar ba. Inna ba ta san awa ba, da salla take ƙirga lokaci, kuma ta riƙe abin da na faɗa shekara huɗu da suka wuce, in ya yi asuba a can zai yi isha'i a nan. Ta ƙara masa da nata rangwamen. Duk motsin da aka yi a zaure sai idonta ya tafi ƙofa. Aka yi azahar, aka yi la'asar, rana ta faɗi, gari ya waye. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga na durƙusa a inda na saba. Yafendo ta fita ɗebo ruwa, daga ni sai ita.

Ta juyo da kanta ta dube ni. Ido cikin ido, abin da ban san ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Lawan."

Shekarata hamsin da huɗu a lokacin. Ban san haka sunana yake a bakinta ba.

Ta ce, "Awa nawa ka ce?"

Na ce, "Goma sha uku, Inna."

Ta lumshe ido. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tuna mini da maraƙi ba. Can ta ce in matso da kofin nan. Na matsa na hau tabarmar da ban taɓa hawa ba, na tallafi kanta, ta kurɓi farau-farau sau biyu daga hannuna. Na san ba hannuna take jira ba, na kusa ne kawai ya samu. Duk da haka na ji daɗi, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Asabar da walaha ta cika. Manya suka ce kada a faɗa wa matafiyi sai ya iso, haka aka saba. Na ce a'a, na yi masa irin ta gida sau ɗaya, ta isa. Na fita bayan gida na kira shi na faɗa masa. Ya yi salati, sannan ya ce mu yi mata sutura, yana nan tafe. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.

A zaman makoki ne maganar ta samo asali. Duk wanda ya zo daga Gwiwa ko Babura, in ya gama gaisuwa sai ya waiga ya ce ina Auta. Ina cewa yana hanya. Rana ta biyu yana hanya, rana ta uku yana hanya. Sai wani dattijo daga dangin babanmu ya ce, ba a ɓoye ba, "Ai an ce kwana ɗaya ne a jirgi. In da ya so zuwa da ya zo. Boko ke nan." Mutane suka yi ta girgiza kai. Lambar da na yi shekara huɗu ina faɗa da alfahari a majalisa, ita aka ɗauka aka auna shi da ita. Ina zaune a tsakiyar tabarma, carbi a hannuna. Jimla ɗaya ce za ta wanke shi. Na duba fuskokin mutanen da suke ganin girmana, na ce a raina ba yanzu ba, sai an watse.

Ya karɓi fasfonsa Litinin da yamma. Kujerar farko da ya samu ta Talata ce, kuma ba ta Kano ba, don jirgin Kano ba kullum yake tashi ba. Ya sauka a wata ƙasar Larabawa ya yi rabin yini a kan benci yana jiran na biyu. Ya sauka Abuja ranar Laraba bayan na Kano ya tashi, ya kwana, ya kamo hanya a mota. Ya shigo Roni ranar Alhamis da la'asar a bayan ɗan acaɓa, da 'yar jaka ɗaya, ana gobe sadakar bakwai. Kwana bakwai cif daga kiran da na yi masa.

Ya gaisa da mutane, ya shiga wurin Yafendo ya daɗe. Da ya fito ya ce in raka shi. Muka bi ta cikin gonaki, gero ya nuna har an fara karyawa. Na nuna masa kabarin. Ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, ni ina tsaye a baya ina shirya abin da zan faɗa. Na shirya cewa don shi na yi. Da ya shafa ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa, bai dube ni ba.

Ya ce, "Yafendo ta ce Inna ta tambaye ka awa nawa."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Na duba a hanya. Jirgin farko bakwai, na biyu bakwai. Sha huɗu na yi a sama. Ka yi ƙoƙari, Yaya, da awa ɗaya kawai ka kuskure."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan, daga ranar har yau. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Abin da na yi shirun dominsa ma bai tsira ba. Janye fasfon ya rushe izinin zamansa, sai da ya sake nema daga gida, ranar kare kundin ta wuce, aka ɗaga masa da wata bakwai. Ya koma ya gama, ya dawo ya ci gaba da koyarwa. Bai fasa gaishe ni ba, bai fasa zuwa da salla ba, 'ya'yansa suna hutu a gidana. Amma tsokanar nan tasa ta tafi, kuma ya daina tambayata lafiyar kowa. In yana son sanin jikin wani a dangi sai ya kira mahaifiyarku. Maganar dattijon nan kuwa ta yi ƙafa. Ya ji ta, na san ya ji, an ma taɓa faɗa masa a fuska a wurin wani ɗaurin aure. Bai ce komai ba, don in ya wanke kansa ni zai shafa wa, ni kuwa yayansa ne da ya riƙe shi. Yafendo ta tafi da nata sanin kabari. Ni kuma kullum ina jiran lokacin da ya dace, har maganar ta shigo tsakar gidana ta fito daga bakin 'yata.

To ku ji da kyau. Baffanku bai zaɓi karatu a kan uwarsa ba. Ya roƙe ni gaskiya tun kafin ya tafi, ya sake roƙona da sunan Allah kwana goma sha uku kafin ta rasu, fasfonsa yana hannunsa, na ce masa da sauƙi. Duk wanda ya ƙara faɗar waccan magana a gabanku, ku ce masa Lawan ne ya hana shi zuwa, kuma Lawan ne ya faɗa da kansa.

Saura abu ɗaya, wanda 'yar'uwarku Hauwa ta san rabinsa. Bara waccan da hawan jini ya kayar da ni aka kwantar da ni a Kazaure, tana karatu a Alƙahira, saura mako biyu ta fara jarrabawa. Da na farfaɗo abin da na fara cewa shi ne kada wanda ya gaya mata. Kun ga hali zanen dutse. Kowa ya ce to. Tijjani yana tsaye a ƙarshen gado, bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya fita baranda, ina jiyo muryarsa ta taga yana cewa, Hauwa, babanki yana asibiti, likita ya ce zai tashi, amma ki taho. Alƙahira ba ta kai rabin nisan Malesiya ba, amma sai da ta kwana uku kafin ta iso. Ta shigo a firgice ta same ni zaune ina shan kunu ina faɗa da mahaifiyarku a kan sukari. 'Yan dubiya suka yi ta dariya, ana cewa Baffa ya sa yarinya tafiyar banza. Ni ma na buɗe baki zan yi masa faɗan jarrabawa.

Bai yi dariya ba. Ya karɓi kofin daga hannuna ya miƙa mata.

Ya ce, "Zauna nan kusa da shi. Ke za ki ba shi."

Ta zauna a bakin gadon da jakarta a kafaɗa, ta kai mini kofin baki. Hannuna lafiya lau yake, amma na bari. Ya tsaya yana kallo har na shanye, sannan ya ɗauki hularsa ya fita.